Mai Masaukin da Bai Taɓa Ɗaukar Kofinsa Ba: Tarihin Gasar Algarve



A kudancin ƙasar Fotugal akwai wani yanki na bakin teku da ake kira Algarve. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci Larabci, da ya ji sunan zai gane tushensa, domin daga al-Garb ya samo asali, wato yamma. A zamanin Andalus aka raɗa masa shi, lokacin da yankin yake can ƙuryar yammacin daular, kuma sunan bai gushe ba ko bayan da sarakunan Fotugal suka karɓe garin Faro a 1249. A wannan yanki ne hukumar ƙwallon ƙafa ta Fotugal ta riƙa gayyatar ƙasashe kowace shekara tun daga 1994, a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, domin gasar ƙwallon ƙafa ta mata da aka sani da Kofin Algarve. Daga 1994 zuwa 2022 an buga ta sau 28. A duk tsawon wannan lokaci mai masaukin baƙi bai ɗauki kofin ko sau ɗaya ba, hasali ma bai taɓa kaiwa wasan ƙarshe ba.

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwanmu, mu Hausawan Kamaru, da gasar da ake yi a wani lungu na Turai? Amsar ita ce, wannan mai masauki da ya shekara kusan talatin yana shimfiɗa wa baƙi tabarma suna cinye shi a gidansa, shi ne ya tare wa 'yan matan Kamaru hanyar zuwa gasar cin kofin duniya a Fabrairun 2023. Wanda ya kayar da kai, ya kamata ka san inda ya koyi kokawa.

Kafin a fahimci darajar wannan gasa sai an tuna halin da ƙwallon mata take ciki kafin a kafa ta. A Ingila, a Disambar 1920, mutum kimanin 53,000 suka cika filin Goodison Park domin kallon wasan mata. Shekara guda bayan haka hukumar ƙwallon ƙasar ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, haramcin da ya ɗauki shekara 50. A Jamus ta Yamma an hana daga 1955 zuwa 1970, a Birazil kuwa doka ce ta hana tun 1941, ba a janye ta ba sai 1979. Sai a 1991 hukumar FIFA ta shirya gasar duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, da ƙasashe 12, Najeriya ce ta wakilci Afirka, kuma minti 80 ake buga kowane wasa maimakon 90. Amurka ta doke Nowe da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin. Wasannin Olamfik ba su karɓi ƙwallon mata ba sai a Atlanta a 1996.

Matsalar da ta rage bayan 1991 ita ce tazara. Gasar duniya sai bayan shekara huɗu take zagayowa, a tsakani kuwa ƙungiyar ƙasa tana iya yin watanni ba ta haɗu da abokiyar karawa ta ƙwarai ba. Ƙasashen arewacin Turai, waɗanda su ne kan gaba a ƙwallon mata a wancan zamani, suna da tasu damuwar: a watan Maris filayensu ƙanƙara ce da taɓo. Algarve kuwa tana da rana da ciyawa, ga masaukan 'yan yawon buɗe ido da ke zaune babu kowa kafin lokacin zafi. Buƙatar baƙo ta haɗu da abin da mai gida yake da shi, sai gasa ta samu gindin zama.

A karon farko, cikin Maris na 1994, ƙasashe shida ne suka hallara: Nowe, Suwidin, Denmak, Finlan, Amurka da Fotugal. Nowe ta doke Amurka da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe. A shekara ta gaba aka ƙara yawan ƙasashen zuwa takwas, Suwidin ta ɗauka. Daga nan Nowe ta dawo ta riƙe kofin sau uku a jere, daga 1996 zuwa 1998. Ba a manyan filaye ake buga wasannin ba, a filayen ƙananan garuruwa ne irin su Albufeira da Lagos da Vila Real de Santo António, kuma sau da yawa kujerun 'yan kallo sun fi 'yan kallon yawa nesa ba kusa ba. Ko bayan da aka gina babban filin Algarve tsakanin Faro da Loulé, mai ɗaukar mutum kimanin 30,000, domin gasar maza ta Turai ta 2004, wasan ƙarshen mata bai cika shi ba. Duk da haka ba a fasa ba. Shekara na zagayowa, takardun gayyata na fita.

Sannu a hankali masana ƙwallo suka lura cewa abin da ya faru a Algarve cikin Maris yakan zama ishara ga abin da zai faru a babban fage cikin damina. A 1999 Sin ta doke Amurka da ci 2 da 1 a wasan ƙarshen Algarve. Bayan wata huɗu ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshen gasar duniya a filin Rose Bowl, gaban mutum 90,185, inda Amurka ta rama da bugun fenareti. A 2000 Amurka ta ɗauki kofin Algarve karo na farko bayan ta doke Nowe, sai Nowe ta jira ta a Sidni ta karɓe lambar zinaren Olamfik da ci 3 da 2. A 2011 Jafan ta zo ta uku a Algarve, mutane da yawa ba su kula ba, sai ga shi cikin Yuli ta zama zakarar duniya a Jamus. A 2015 Amurka ta doke Faransa da ci 2 da nema a Algarve, sannan ta wuce Kanada ta ɗauki kofin duniya. Wannan ne ya sa ake yi wa gasar laƙabi da ƙaramin kofin duniya.

Gasar ba wasan sada zumunta na wasa da dariya ba ce, domin tana iya raba mutum da aikinsa. Amurka, wadda ta fi kowa ɗaukar kofin har sau 10, ta zo a 2014 da dogon tarihin wasanni ba a doke ta ba. Suwidin ta ci ta 1 da nema, Denmak ta zuba mata 5 ita tana da 3, ta ƙare a matsayi na bakwai. Cikin wata mai zuwa aka sallami mai horar da ita, Tom Sermanni.

Akwai sunaye biyu a tarihin wannan gasa da ya dace mu tsaya a kansu, mu da muka san zaman 'yan tsiraru. Na farko Célia Okoyino da Mbabi, wadda aka haifa a Bonn, mahaifinta ɗan Kamaru, mahaifiyarta Bafaranshiya. A wasan ƙarshen 2012, da Jamus ta doke Jafan da ci 4 da 3, ita kaɗai ta jefa uku a raga, ta kuma fi kowa cin ƙwallaye a gasar. Bayan aure ta koma amsa sunan Célia Šašić, kuma da wannan suna ta karɓi takalmin zinare a gasar duniya ta 2015. Ta biyu Nadia Nadim, haifaffiyar Herat a Afganistan, wadda aka kashe mahaifinta tana yarinya, ta yi gudun hijira tare da mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata har suka sauka a Denmak. A gasar Algarve ta 2009 ta fara sanya rigar Denmak, daga baya kuma ta kammala karatun likita. Dukansu biyu sun nuna kansu a fili marar jama'a. Da babu irin wannan fili da ke buɗewa duk shekara, da damar da mai horarwa zai gwada sabuwar yarinya ta ragu ƙwarai.

To ina mai gida a cikin wannan labari? A nan ne abin mamakin yake. A 2002 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 12, aka ƙirƙiro rukuni na uku domin ƙasashen da ba su yi ƙarfi ba. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce, duk wanda ke wannan rukuni, ko da ya ci wasanninsa duka, ba shi da hanyar kaiwa wasan ƙarshe. A wannan rukuni Fotugal ta riƙa sanya kanta. Ita ke shirya filaye, ita ke karɓar baƙi, sannan ta zauna a sahun baya tana kallon Amurka da Jamus da Suwidin suna rabon kofi a ƙofar gidanta. Wani zai ce wannan zubar da girma ne. Mu kuwa muna ganin sanin gwargwadon kai ne. Mai gida ya san ba zai iya da manya ba tukuna, ya kuma san idan ya nace sai ya zauna a sahun gaba, ko dai a riƙa wulaƙanta 'ya'yansa da ruwan ƙwallaye har su karaya, ko kuma manyan baƙi su daina zuwa. Sai ya zaɓi 'ya'yansa su yi wasa da tsaransu, su kuma ga yadda manya ke atisaye da yadda suke shirya wasa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Amfanin bai zo da wuri ba. Sai da aka haura shekara 20 da fara gasar kafin Fotugal ta sami gurbi a babbar gasa ko ɗaya. A ƙarƙashin mai horarwa Francisco Neto, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2014, ta kai gasar Turai ta 2017 a Holan, ta kuma doke Sikotlan da ci 2 da 1. A 2018 ta doke Ostareliya ta zo ta uku a Algarve, matsayi mafi girma da ta taɓa samu a gasarta. Adalci ne a faɗa cewa ba gasar kaɗai ta kawo wannan ba. A daidai waɗannan shekaru manyan ƙungiyoyin ƙasar, Sporting da Braga, daga baya Benfica, suka buɗe sassan mata suka zuba kuɗi. Amma kuɗin ya sauka ne a kan ƙasar da aka daɗe ana nome ta, domin 'yan wasan sun saba haɗuwa da ƙasashen waje duk shekara, ba su ɗauki rigar baƙo abin tsoro ba.

A yayin da mai gida ke tasowa, gasar kanta ta fara ja da baya. A 2016 Amurka ta kafa tata gasar mai suna SheBelieves a daidai wannan lokaci na shekara, ta janye Jamus da Faransa da Ingila. Faransa ta kafa tata a 2020, Ingila ma a 2022. Kowace babbar ƙasa ta gane cewa yanzu mata na cika fili, to me zai sa ta kai kasuwarta gidan wani? Algarve ta ci gaba da waɗanda suka rage, kuma ba ta rasa armashi ba: Kanada ta ɗauka a 2016, Sifen a 2017, shekara shida kafin ta zama zakarar duniya, Nowe kuma ta ɗauki na biyar a 2019. Sai dai jarrabawa ta riƙa zuwa bi da bi. A 2018 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya hana buga wasan ƙarshe, aka raba kofin tsakanin Holan da Suwidin. A 2020 annobar korona ta sa 'yan Italiya suka haɗa kayansu suka koma gida kafin wasan ƙarshe, aka bai wa Jamus kofin ba tare da an taɓa ƙwallo ba. A 2021 ba a yi gasar ba sam. A 2022 aka dawo da 'yan ƙasashe kaɗan, Suwidin ta doke Italiya da bugun fenareti.

A 2023 ma ba a buga ta ba, amma wannan karon dalilin na daban ne: mai gida ba ya gida. 'Yan matan Fotugal suna can Niyu Zilan suna neman gurbin gasar duniya, kuma abokan karawarsu su ne namu.

A kan takarda, Kamaru ce ta fi tarihi. Ta je Olamfik na Landan a 2012. Ta je gasar duniya a 2015, inda ta lallasa Ekwado da ci 6 da nema, Gaëlle Enganamouit ta ci uku, ta kuma tsallake zuwa zagaye na biyu. A 2016 ta karɓi baƙuncin gasar mata ta Afirka, filin Ahmadu Ahidjo na Yawunde ya cika maƙil ranar wasan ƙarshe, ko da yake Najeriya ce ta ɗauka da ci ɗaya. A 2019 ta sake kai zagaye na biyu da ƙwallon nan ta Ajara Nchout a ragar Niyu Zilan a daƙiƙun ƙarshe. Fotugal kuwa ba ta taɓa leƙa gasar duniya ba. Kamaru ta fara kawar da Tailan da ci 2 da nema, sannan ranar 22 ga Fabrairu, a garin Hamilton, da safe agogonmu, aka haɗu. Diana Gomes ta fara ci wa Fotugal. Saura minti ɗaya a tashi Ajara ta farke, unguwanni suka kaure da ihu. A cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara aka ba Fotugal fenareti, Carole Costa ta buga ta ci. An tashi 2 da 1.

Ba za mu ce wasa ɗaya ya isa hujja a kan komai ba, domin fenareti a minti na ƙarshe yana iya faɗawa kowane ɓangare. Amma abin da ya biyo baya ya nuna ba sa'a kaɗai ba ce. A gasar duniyar Fotugal ta sha kashi da ci ɗaya a hannun Holan, ta doke Biyetnam da ci 2 da nema, sannan ranar 1 ga Agusta a Auckland ta tsaya gaban Amurka, baƙuwar da ta ɗauki kofi sau 10 a gidanta. Aka tashi babu ci. A mintunan ƙarshe Ana Capeta ta buga ƙwallo ta daki turke ta dawo. Da ta shiga, da zakarun duniya sun koma gida tun a zagayen farko, a hannun ƙasar da a da ba a ma haɗa su rukuni ɗaya.

Mu da aikinmu shi ne riƙe littafin majalisar dattawa, muna rubuta ranakun taro da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, mun san wani abu game da tarukan shekara-shekara. Shekarar farko ba ta da wuya, domin kowa na son a gan shi a wurin sabon abu. Ta biyu ma akan samu. A ta uku ne ake gane gaskiya, lokacin da babban baƙo ya aiko da uzuri, mai kuɗin da ya yi alkawari ya daina ɗaga waya, sai a ce a ɗaga zuwa baɗi, daga nan kuma sai labari. Mun ga musabaƙa ta mutu haka, mun ga gasar ƙwallon matasan unguwa ta mutu haka, mun ga asusun taimakon marayu ya mutu haka. Kusan kullum ba rashin gwanaye ne ke kashe su ba, rashin wanda zai riƙe ranar ne ko da kujeru babu kowa. Shi ya sa idan muka dubi jerin shekarun Algarve daga 1994 zuwa 2020, 27 a jere babu giɓi, ba sunayen zakaru ne suka fi ɗaukar hankalinmu ba. Muna tunanin ma'aikatan da ba a san sunansu ba, waɗanda suka riƙa rubuta wasiƙun gayyata duk shekara alhali sun san ƙasarsu ba za ta ɗauki kofin ba.

Nahiyarmu ba ta rasa ƙoƙari ba. A Satumbar 2021 an yi gasar Kofin Aisha Buhari a Legas ta Najeriya, takwarar waccan Lagos ta Algarve a suna, da ƙasashe shida har da Kamaru da Gana da Mali da Maroko, Afirka ta Kudu ta ɗauka bayan ta doke mai masauki da ci 4 da 2. Taron ya yi kyau, an kuma yaba. Abin da ake buƙata shi ne irinsa ya zama al'ada mai rana tsayayya, wadda ba ta dogara da mutum ɗaya ko mulki ɗaya ba. Baiwa muna da ita, shaida kuwa ita ce Ajara da Enganamouit da Gabrielle Onguéné. Abin da yarinya mai baiwa ke nema bayan baiwar shi ne ta san cewa baɗi war haka akwai fili, akwai abokan karawa, akwai wanda zai gan ta.

Mun san a cikin gidajenmu ra'ayi ya bambanta game da 'ya mace da ƙwallo. Wasu iyaye sun yarda da sharaɗin sutura da kamun kai, musamman tun da masu tsara dokokin wasan suka halatta rufe kai a 2014, wasu kuma ba su yarda ba, kuma kowane uba shi ya san gidansa. Ba wannan muka zo yanke wa hukunci ba. Abin da tarihin Algarve ke nunawa ya shafi duk abin da al'umma ta ga ya dace ta gina wa 'ya'yanta, ko ƙwallo ce, ko karatu, ko sana'a. 'Yan tsiraru irinmu sukan so abin da suka shirya ya fito da su a sahun gaba tun ranar farko, idan bai yi haka ba sai su watsar. Fotugal ta yarda ta zauna a rukuni na uku a gidanta, ta bar baƙi suna ɗaukar kofi, ita tana ɗaukar darasi.

Yau kalandar ƙwallon matan Turai ta cika da sababbin gasa, musamman tun da aka fara gasar ƙasashen nahiyar ta UEFA a Satumbar 2023, kuma makon nan na ƙarshen sanyi da Algarve ta mallaka a da ya sami masu shi da yawa. Idan gasa ta rasa wurinta saboda abin da ta raina ya girma har kowa na son ya yi nasa, wannan ba mutuwar banza ba ce. Ta tarar da ƙwallon mata ana buga ta minti 80 a gaban kujeru, ta riƙe ta har zuwa lokacin da gasar duniya ta kai ƙasashe 32, cikinsu har da mai masaukin da bai taɓa ɗaukar kofinsa ba. Yau da gobe, in ji magabata, ita ke sa allura ta gina rijiya.

Allah Ya ba mu masu riƙe rana, Ya kuma sa abin da muka fara ya kai ga jikokinmu.